Zaren Ulu da Gawa: Tambayoyi da Amsoshi kan Labaran Kisan Kai na Mata Masu Saƙa

A kantunan littattafai na Amurka da Ingila akwai wani sashe da bangon littattafansa ke ruɗa baƙo. Za ka ga hoton kwando cike da dunƙulen zaren ulu, kyanwa kwance a bakin taga, butar shayi a kan tebur, amma in ka karanta sunan littafin sai ka ci karo da kisa ko mutuwa. Masu wannan adabi suna kiransa cozy mystery, wato labarin binciken kisan kai da ba ya tayar da hankalin mai karatu, kuma reshensa da ya shafi mata masu saƙa a ƙananan garuruwa ya yi ƙarfin da wasu marubuta da shi kaɗai suke ci.

Wane irin labari ne wannan?

Ƙagaggen labari ne da ake kashe mutum a cikinsa, amma ba a nuna wa mai karatu kisan. Ba jini malale, ba azabtarwa, ba batsa, ba ashar. Gawa dai ake tsinta, a bayan shago ko a bakin ruwa, sai gari ya ɗauka. Wadda za ta gano mai laifin ba 'yar sanda ba ce, ba lauya mai aiki ba ce. Yawanci mai shagon sayar da zare ce, ko ɗaya daga cikin matan da ke taruwa a shagon mako-mako suna saƙa suna hira. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa, wanda aka kashe da wanda ya yi kisan duk 'yan gari ne. A ƙarshe asiri ya tonu, hukuma ta tafi da mai laifi, matan su koma kan saƙarsu.

Taron Malice Domestic, wanda ake yi kowace shekara a kusa da birnin Washington tun 1989, shi ke ba da lambar yabo ta Agatha ga irin waɗannan littattafai, kuma sharaɗinsa ke nan: babu batsa a fili, babu zubar da jini fiye da kima. Kyautar kanta butar shayi ce.

Wa ya fara haɗa saƙa da binciken kisa?

Mata biyu 'yan Ingila ne suka kafa hanyar, kusan lokaci guda. Agatha Christie ta fito da Miss Marple a wani gajeren labari a 1927, sannan a cikakken littafi a 1930, The Murder at the Vicarage. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead, tana kula da lambunta, kuma da wuya a gan ta babu saƙa a cinya. Patricia Wentworth kuwa ta fito da Miss Silver a 1928, tsohuwar malamar yara a gidajen masu hali wadda ta koma bincike ana biyanta. Ita ma duk inda ta zauna sai ta zaro allurai ta kama saƙa wa 'ya'yan dangi safa da rigunan sanyi, mai ƙara na zayyana mata damuwarsa tana ƙirga layi. Littattafai 32 aka yi da ita, Miss Marple kuwa 12 ban da gajerun labarai.

Tun kafin su, Charles Dickens ya riga ya nuna cewa mace mai saƙa ba abar rainawa ba ce. A labarinsa na juyin juya halin Faransa da ya fito a 1859 akwai Madame Defarge, wadda ke zaune a shagon mijinta tana saƙa sunayen waɗanda za a kashe a cikin zanen saƙarta, mutane na shiga suna fita ba wanda ya kula. Ita muguwa ce, ba mai bincike ba, amma dabarar ɗaya ce.

Bambancin na da da na yanzu shi ne, Miss Marple ita kaɗai take aikinta. Littattafan yanzu ƙungiya ce ke binciken.

Me ya sa saƙa, ba ɗinki ko girki ba?

Akwai na girki, akwai na ɗinki, akwai na masu sayar da littattafai, har na masu gyaran gashin karnuka. Amma a ganina babu sana'ar da ta dace da wannan adabi kamar saƙa, kuma dalilin a aikace yake.

Wadda ta ƙware a saƙa hannunta ne ke aiki, idonta da kunnenta a sake suke. Keken ɗinki yana da ƙara, kuma yana ɗaure mutum a wuri ɗaya. Girki yana buƙatar madafa. Saƙa kuwa ana jefa ta a jaka a tafi da ita ɗakin jiran asibiti, ko gidan gaisuwa, ko cikin jirgin ƙasa, a zauna awa uku ba wanda zai tambaye ki me kike jira. Ga kuma sunkuyar da kai. Mutum ya fi sakin baki in wanda yake gaya wa magana bai zuba masa ido ba. Ɗan sanda in ya zauna gabanka da biro da takarda, kowace kalma sai ka auna ta. Tsohuwa da ke ƙirga ƙullin zare tana cewa "Allah sarki, sai kuma aka yi yaya?" ba ka sanin lokacin da za ka faɗa mata inda kake daren Laraba.

Sannan ga taron kansa. A ce mata biyar ne ke haɗuwa kowace Alhamis da daddare: ɗaya ma'aikaciyar banki, ɗaya dillaliyar gidaje, ɗaya mai gidan abinci, ɗaya malamar makaranta da ta yi ritaya, ɗaya tsohuwar da ta san kakan kowa. Babu wadda ta san labarin gaba ɗaya. Ta banki ta lura marigayin ya kwashe kuɗi mai yawa, dillaliyar ta san an sa gidansa a kasuwa a ɓoye, mai gidan abinci ta ga wanda suka yi sa-in-sa da shi, tsohuwar kuma ta tuna wata rigimar gado ta shekara arba'in. Kowane guntu shi kaɗai gulma ce. In an jera su a kan tebur ɗaya sai su zama hujja. Abin da waɗannan littattafai ke faɗa, in aka cire musu ado, shi ne cewa hukuma ce ke da iko amma matan unguwa ne ke da labari, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Saƙar tana shiga cikin warware kisan, ko ado ce kawai?

A nan ake rarrabe gwanar marubuciya da 'yar cika shafi. A littattafai da yawa, gaskiya, saƙar ado ce. Za a iya zare ta a sa kwaɓa burodi ba abin da zai canza. Matan na taruwa, a bayyana laushin zare da kyan launinsa har shafi biyu, sannan a koma maganar kisa kamar ba su da alaƙa.

Amma sana'ar na ɗauke da shaidu na gaske ga wadda ta san ta. Kowane dunƙulen zare da aka saya a shago yana zuwa da takarda a jikinsa mai lambobi biyu: lambar launi, da lambar rukunin da aka rina tare. Zare biyu masu launi ɗaya amma daga rini daban suna ɗan saɓawa, abin da ba a gani sai an saƙa su gefe da gefe a fito da su rana. Shi ya sa masu saƙa ke sayen duk abin da riga za ta ci a lokaci guda, kuma shi ya sa mai shago kan tuna wa ta sayar wa wane rukuni. To a ce an tsinci ɗan silin zare shuɗi maƙale a ƙusar ƙofar wanda aka kashe. Ɗan sanda zai ce shuɗin zare ne, rabin gari na da irinsa. Mai shago za ta kai shi bakin taga ta ce a'a, wannan shuɗin mai ɗan duhu dunƙule goma kawai aka kawo mata, kuma mutum biyu ne suka saye shi.

Haka nan hannun kowace mai saƙa daban yake. Wata tana matse zare, wata tana sakinsa. In wata ta ɗauki aikin da wata ta fara ta ci gaba, gwana za ta sa yatsa daidai layin da hannu ya canza. Ko a hannun mutum ɗaya ma, ranar da hankalinta ya tashi saƙar kan tsuke. Akwai masu riƙe zaren da hannun dama, salon da aka fi sani a Ingila, akwai masu riƙewa da hagu kamar yadda aka saba a Jamus da maƙwabtanta. Saboda haka in wata ta rantse cewa tana gida tana saƙa tun magariba har sha ɗaya na dare, ƙawayenta suka duba suka ga hannun rigar bai ƙaru da ko tsawon yatsa ba tun taron da ya wuce, to biri ya yi kama da mutum. Irin wannan shaida babu ɗan sandan da zai gan ta, kuma littafin da ya kawo ta ya biya mai karatu kuɗinsa.

Su wane ne ke rubuta su a yanzu?

Mafi yawansu matan Amurka ne, kuma kowace da garinta. Monica Ferris ta fara nata jerin a 1999 da Crewel World, a garin Excelsior na jihar Minnesota, wanda gari ne na gaske. Jarumar, Betsy Devonshire, ta gaji shagon kayan saƙa da surfani ne bayan an kashe 'yar'uwarta.

Maggie Sefton ta fito da Knit One, Kill Two a 2005. Jarumarta Kelly Flynn akanta ce da ta zo daga Washington zuwa wani gari a jihar Kolorado saboda an kashe gwaggonta. 'Yan sanda sun ce sata ce ta ɓaci, ita kuwa da ta duba takardun marigayiyar sai ta ga ta ciwo bashi mai nauyi kwanaki kaɗan kafin mutuwarta, lissafin ya ƙi fita. Kelly ba ta iya saƙa ba da ta zo. Matan shagon da ke kusa da gidan ne suka koya mata, wanda dabara ce mai kyau, don mai karatun da bai san komai ba yana koyo tare da ita. Garin labarin, Fort Connor, an gina shi ne a kan Fort Collins na gaske.

Sally Goldenbaum ta kai nata bakin teku, garin masunta na Sea Harbor a jihar Massachusetts, ta fara da Death by Cashmere a 2008. Mata huɗu ne: Izzy da ta bar aikin lauya ta buɗe shagon zare, innarta Nell, tsohuwa Birdie mai dukiya, da Cass mai sana'ar kamun lobsta, wata halittar teku dangin ƙaguwa. A nawa ra'ayin wannan jerin ya fi sauran nuna abota tsakanin mata masu tazarar shekaru, ko da yake yana ɓata lokaci da yawa a kan abinci. Anne Canadeo ma a Massachusetts ta kafa nata daga 2009, Betty Hechtman ta ɗauki masu saƙar kwarashi a Kalifoniya daga 2008, Peggy Ehrhart kuma ta zo da nata a jihar New Jersey a 2018.

Ba haka kawai shekarun suka taru wuri ɗaya ba. A farkon shekarun 2000 saƙa ta dawo da ƙarfi a tsakanin 'yan matan Amurka bayan an daɗe ana kallonta aikin kakanni. Littafin koyar da saƙa na Debbie Stoller da ya fito a 2003 ya yi kasuwa ƙwarai, ƙungiyoyin saƙa suka bazu a gidajen shan gahawa, a 2007 kuma aka buɗe shafin Ravelry inda miliyoyin masu saƙa ke musayar zanen saƙa, wato rubutaccen tsarin yadda ake saƙa kaya. Kamfanonin ɗab'i sun ga masu saye a shirye, suka ba su abin da za su karanta.

Ina 'yan sanda suke har mai shagon zare ke yi musu aiki?

Suna nan, kuma dole marubuciya ta san yadda za ta yi da su. Hanyoyin ba su da yawa. Ko dai ɗan sandan ya yi gaggawa ya kama wanda bai ji ba bai gani ba, galibi ƙawar jarumar ko ita kanta, don haka ta sami dalilin shiga. Ko ya rufe fayil ya ce haɗari ne. Ko kuma, abin da aka fi yi har ya gundure ni, ya zama saurayin jarumar ko mijin ƙawarta, yana ce mata ta cire hannunta a maganar a babi na 5, yana zuba mata sirrin ofis a babi na 12. Littattafan da suka fi hankali suna barin ɗan sandan da basirarsa. Abin da ya rasa kawai shi ne ba a gari aka haife shi ba, ko kuma mutane ba sa son magana da mai kaki.

Ƙaramin gari, kisa kowace shekara. Wa zai yarda da wannan?

Ba wanda ya yarda, kuma masu karatu sun daɗe da mai da abin raha. Shirin talabijin na Murder, She Wrote, wanda aka nuna daga 1984 zuwa 1996, shi ya fi shan wannan tsokana: mutane kan ce ƙauyen Cabot Cove da jarumar ke zaune ya fi manyan birane haɗari, kuma duk wanda ta kai wa ziyara ya rubuta wasiyya. Marubutan saƙa na rage abin da 'yan dabaru. Su kawo baƙi masu yawon buɗe ido lokacin bazara, ko su kwashi matan su kai su bikin baje kolin ulu a wani gari, ko gonar da ake kiwon tumaki da alfaka, wata dabba dangin raƙumi mai ulu a jiki. Amma in jeri ya kai littafi 15, sai dai mai karatu ya kau da kai.

Wa ake kashewa, kuma da me?

Yawanci wanda ba a so: mai gidan haya marar tausayi, attajirin da ke son rushe tsohuwar unguwa ya gina otal, kishiyar sana'a mai baƙin ciki. Wannan na da amfani biyu. Mai karatu ba ya shiga makoki, kuma waɗanda za a zarga sun yi yawa. Ba a kashe yara, kuma marubuciyar da ta kuskura ta taɓa kare ko kyanwa ta san wasiƙun da za ta sha.

Dalilan kisan na cikin gida ne, gado, bashi, kishi, tsohon asirin da ake tsoron ya fito. Makamin kuma abin da ke kusa ne: duka da wani abu mai nauyi, turawa daga tudu ko cikin ruwa, shaƙewa, guba a shayi. Gubar gadon Christie ce, wadda ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ta san ƙwayoyi da ma'auninsu da gaske. Allurar saƙa kan fito a matsayin makami jefi-jefi, amma ta fi yawa a bangon littafi.

Shin ba rashin tausayi ba ne a mai da kisan kai abin hira da shayi?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu muka fara yin ta ba. A 1944 marubucin Amurka Raymond Chandler ya rubuta maƙala yana caccakar labaran bincike irin na Ingila, yana ganin sun mai da kisa wasan ƙwaƙwalwa na masu hali, sun raba shi da titi da talauci da mutanen da ke aikata shi da dalili. Yana da gaskiya a wani ɓangare. Akwai littattafan saƙa da za ka karanta an tsinci gawa da safe, da yamma matan na gardamar wane launi ya dace da hular jariri, ba wanda ya rasa barci. Wannan sakaci ne na marubuciya.

Sai dai mafi kyawunsu ba haka suke ba. A littafin Christie na 1953, A Pocket Full of Rye, abin da ya fito da Miss Marple daga ƙauyenta shi ne an kashe wata yarinya marainiya da ta taɓa yi mata aikin gida, aka kuma maƙala mata abin shanya tufafi a hanci don wulaƙanci. Tsohuwar ta hau jirgin ƙasa ta je gidan da ba a gayyace ta ba, ranta a ɓace, saboda ta san in ba ita ba babu wanda zai damu da 'yar aiki alhali an kashe maigida attajiri. Wannan ba wasa da rai ba ne. Kuma in aka duba, littattafan da ke zayyana yadda aka yanka mutum dalla-dalla ba su fi waɗannan girmama mamaci ba. A nan aƙalla ana zuwa jana'iza, ana kai wa iyalin abinci, wani lokacin ma matan su haɗu su saƙa wa marayun bargo. Kuma ba a taɓa barin mai kisa ya sha.

Mai karatu zai iya gano mai laifin kafin ƙarshe?

Ya kamata ya iya, in marubuciyar ta yi adalci. A 1929 wani limamin cocin Katolika a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya jera dokoki 10 na wannan wasa. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a warware kisa da tsafi ko aljanu, ba a ƙirƙiro gubar da kimiyya ba ta sani ba, kuma duk shaidar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu. Littattafan saƙa na yanzu suna bin na farko sosai, suna sassauci a na ƙarshe. Sau da yawa jarumar ba ta gano komai ba, mai kisan ne ke tsorata ya biyo ta shago da daddare ya tona kansa.

Ga mai son gwadawa: sa ido a kan wanda ya cika taimako, wanda ke kawo wa matan kek yana tambayar ina aka kwana a binciken. Sannan ka lura da duk wata magana da aka jefa a tsakiyar bayanin zare ko abinci, don a nan ake ɓoye shaida, inda ido ke gudu.

Zan iya ba 'yata ta karanta?

Ta fuskar batsa da zubar da jini, sun fi yawancin littattafan Turanci na manya tsabta nesa ba kusa ba. Amma rayuwar Amurkawa ce a ciki. Ana shan giya a taron saƙa kamar yadda ake shan shayi, jarumar na iya zama bazawara mai saurayi, wasu na zaune tare ba aure, ko da yake ba a shiga ɗaki da mai karatu. Akwai kuma reshen da ya shigo da mayu da fatalwa, kamar jerin Nancy Warren da ya fara a 2018 a birnin Oxford, inda masu saƙar dare matattu ne masu shan jini. Wanda ba ya son irin wannan zai gane shi tun daga bango. Na Christie da Wentworth sun fi kamun kai, sai dai suna ɗauke da wasu ra'ayoyin Turawan zamaninsu game da baƙi da 'yan aiki waɗanda ba su da daɗin ji.

Na mata ne kawai?

Mata suka fi rubutawa, su suka fi saye. Amma wasan gano mai laifi ba ruwansa da jinsi, kuma littafin Richard Osman na 2020 kan tsofaffi huɗu, maza biyu mata biyu, masu binciken kisa a gidan 'yan ritaya ya nuna maza ma na so, in dai ba a sa musu kwandon zare a bango ba.

Za a iya rubuta irinsa da Hausa?

Kayan aikin duk muna da su. Matanmu na saƙa, da kwarashi da allura da inji, kuma duk wanda ya je barka lokacin hunturu ya ga hula da safa da shawul na jariri da aka saƙa a cikin unguwa. Wuraren da mata ke haɗuwa labari ya gudana kuwa ba sai an ƙirƙira ba: cibiyar koyon sana'a, gidan kitso, zubin adashi, Islamiyyar matan aure. Dillaliya da ke shiga gida-gida da ƙullin kaya ta fi kowace mai shagon zare ta Amurka sanin abin da ke cikin ɗakunan mutane. Alexander McCall Smith ya nuna tun 1998, da jarumarsa Mma Ramotswe ta Botswana, cewa labarin bincike mai sanyi na iya zama daram a Afirka, ko da yake shi kisa bai cika damunsa ba.

Wahalar tana wani wuri. A labaran Turawa gawa na kwana a asibiti, likita ya duba ya ce guba ce, daga nan labari ya tashi. A wurinmu wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma iyali da yawa za su ce sun bar wa Allah. Matar da ta tashi tana tambaye-tambaye bayan an yi sadakar uku, za a ce tana tonon fitina, ko mijinta ya hana ta fita. Marubuciyar da ta kwafo tsarin Amurka yadda yake za ta yi abin dariya. Wadda ta ɗauki waɗannan matsaloli ta mai da su ƙashin labarin, misali ta sa shaidar farko ta fito daga bakin matar da ta yi wa gawar wanka ta ga abin da bai kamata ta gani ba, ita ce za ta rubuta abin da ba a taɓa karantawa ba.

Da wanne zan fara, kuma dole ne in bi su a jere?

Kowane littafi da kisansa, ana warware shi a ciki, don haka ana iya shiga ta ko'ina. Abin da ke tafiya daga littafi zuwa littafi shi ne rayuwar matan, aure, haihuwa, mutuwar miji, faɗaɗa shago, kuma littafin da ya biyo baya kan ambaci wanda aka kama a wanda ya gabace shi. Saboda haka fara daga na ɗaya ya fi. Mai son gwanintar ƙulla labari ya fara da Christie, don har yau babu wadda ta kamo ta a cikin 'yan baya. Mai son zaman shagon da hirar ƙawaye ya ɗauki Goldenbaum ko Sefton. Turancinsu mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare zai bi, sai 'yan kalmomin saƙa da za su tsaya masa a farko. Masu saƙa da yawa sun fi son littattafan da ake saurare a waya, tunda hannu biyu ba ya riƙe allura ya riƙe littafi.

Zanen saƙar da ake sawa a ƙarshen littafin, ana iya amfani da shi?

Ana iyawa. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai na rufewa da zanen saƙa ɗaya mai sauƙi, hula ko mayafin wuya, da tsarin girki ɗaya ko biyu na abincin da aka ci a labarin. Sai dai a kula da ma'auni. Amurkawa na lissafin kaurin allura da lambobinsu na kansu, ba da milimita ba: lamba 7 tasu ita ce milimita 4.5, lamba 8 kuma milimita 5. A saƙar kwarashi ma sunayen ƙulli na Amurka da na Ingila sun saɓa, suna ɗaya na nufin ƙulli daban a kowace ƙasa, don haka a fara duba inda aka buga littafin. Zaren da suke ambata galibi ulu ne na tumaki mai nauyi, wanda aka yi don sanyin ƙanƙara. Wanda ake samu a kasuwanninmu yawanci na roba ne, kuma yana yin aikin in kaurinsa ya yi daidai. Kafin a fara rigar, a saƙa ɗan murabba'i mai faɗin santimita 10 a ƙirga ƙullin da ya shiga, a gwada da adadin da zanen ya faɗa. In ya fi yawa a ƙara kaurin allura, in ya gaza a rage.